Ƙafafun Bashe: Wuni Guda a Wani Gida na Dakwaro

Matafiyin da ya bar Maraɗi da sanyin safiya, ya wuce Tibirin Gobir, ya juya ya fuskanci arewa, zai ci fiye da kilomita 120 kafin ya sauka Dakwaro. Hanya ce mai ratsa gonakin hatsi da wake da aya, ta ƙetare Gulbin Kaba wanda ruwa bai cika gudana a cikinsa ba, ta bi Sabon Mashi da Kornaka, itatuwa na raguwa kaɗan-kaɗan, ƙasa na ƙara haske. Dattawan direbobi suna tuna zamanin da hanyar take burji tsantsa, a bar Maraɗi da farar riga a isa da ja. Yau an shimfiɗa mata gudron, tafiya ta yi sauƙi. Sai dai abincin motocin Dakwaro ba bisa gudron yake ba. Yana can cikin ƙauyuka da rugage da bakin rijiyoyi, inda hanya ta zama burji mai gargada, ko kuwa sawun taya biyu kawai cikin rairayi.

Garin kansa ba tsoho ba ne idan an gwada shi da Tibiri ko Tasawa. A shekarar 1947 ne Turawan Faransa suka kafa bariki a wurin, ya girma a matsayin mahaɗar manomi da makiyayi. Arewa da shi kwarin Tarka yake, inda dokar 1961 ta ja iyakar noma, ta bar abin da ke gaba ga masu kiwo, ko da yake gonaki sun daɗe da tsallake wannan iyaka. Gaba kuma akwai Bermo, ƙasar Fulani Bororo da Abzinawa, da gandun dajin Gadabeji mai hekta 76,000, wanda aka keɓe tun 1955, aka kuma kai masa raƙuman dawa 8 daga yankin Kure a 2018. Duk abin da wannan yanki ke saye da sayarwa, hatsi da gishiri da kanwa, sukari da shayi, awaki da tumaki, yawancinsa a bayan ƙaramar motar ɗaukar kaya yake tafiya. Mara lafiya ma haka, da mai naƙudar da haihuwa ta gardama mata cikin dare.

Bashe ake kiran irin wannan mota, sunan kuwa daga Faransanci ya fito, daga tantin da ake lulluɓe bayanta da shi. Kamfanin Peugeot, wanda bakin jama'a ya mayar Pijo, ya fitar da 404 a 1960, ya yi mata ƴar'uwa ta ɗaukar kaya a 1967, sannan 504 ta kaya ta biyo baya a 1979. Tun daga 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta soma haɗa motoci, suka riƙa kwararowa ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa har suka cika tashoshin jihar Maraɗi. Toyota Hilux da Land Cruiser sun karɓe mafi yawan hanyoyin daji a yanzu, amma tsofaffin Pijo ba su ƙare ba, domin mota ce da mutum zai iya kwancewa gaba ɗaya da kile goma da guduma ɗaya. Takardar kamfani ta yarje mata kaya na tan ɗaya da ɗan ƙari. Buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne, ke nan buhu 10 ko 12 an kai iyaka. Ba a taɓa jin direban kasuwa da ya tsaya nan ba. Ana ɗora buhuna har su wuce kan direba, a ɗaure da igiya, fasinja su hau bisa, karen mota ya maƙale a baya da ƙafa ɗaya.

A wata unguwa da ba ta da nisa da tasha akwai gida mai faffaɗar ƙofa, wadda aka rushe gefenta aka ƙara mata faɗi domin mota ta shiga. A tsakar gidan, ƙarƙashin dogon yaro, 504 ce tsaye, fara a da, yanzu launin ƙasa. Maigidan ya haura shekara 50. Da karen mota ya fara, ya zama direban wani, ya tara ya sayi tasa. Ranar da ake magana bai fita ba, alhali ranar aiki ce, kuma a lokacin kaka, lokacin da kowace tafiya ke da riba. Dalilinsa abin da ya faru ne a makon da ya gabata. Yana dawowa daga wata kasuwar ƙauye da kaya da mutane fiye da 15, ya gangaro wani tudu, ya tarar da gargada a gindinsa. Motar ta yi tsalle, ta sauka, ta sake tashi, ba ta daina ba. Bayanta ya karkata hagu, ya karkata dama, tayar baya ɗaya ta rabu da ƙasa, mata suka ɗauki salati. Allah ya kiyaye ba ta kife ba, abin da aka rasa bai wuce buhu ɗaya da ya fashe ba. Amma direban da ya shekara 30 bisa hanya ya san abin da motarsa ta faɗa masa.

Alamun sun daɗe da bayyana. In ya taka birki, gaban motar yakan sunkuya tamkar raƙumi zai gurfana. Tayoyin gaba sun ci a wurare daban-daban, nan rami can tudu, kamar an bi su da cokali. In aka danna kusurwar motar da ƙarfi aka saki, maimakon ta tashi sau ɗaya ta tsaya, sai ta yi ta lilo. In aka leƙa ƙarƙashi kuma, ga baƙin mai ya zubo ya haɗu da ƙura ya yi dabaɓe a jikin amortisar, abin da makanikan tsallaken iyaka ke kira shokozoba.

Yana da kyau mai karatu ya san aikin wannan ƙarfe, domin fasinja da yawa, har da wasu direbobi, suna zaton shi ke ɗaukar nauyin mota. Mai ɗaukar nauyi shi ne resor, wanda a Najeriya ake ce wa sifirin: a bayan bashe faya-fayan ƙarfe ne dogaye da aka jera bisa juna, ana kiransu lam, a gaba kuwa ƙarfe ne da aka murɗe kamar gammo mai hawa-hawa. Halin resor shi ne in an danne shi ya rama, ya wuce inda yake, ya dawo, ya sake ramawa. Resor raƙumi ne mai ɗaukar kaya, amortisar kuwa akalarsa. Bututu ne cike da mai, da sanda mai fistan a kanta, fistan ɗin na da ƴan ƙananan ƙofofi. Duk sa'ad da taya ta hau ko ta sauka, dole man ya kutsa ta waɗannan ƙofofi, kamar yadda kunu mai kauri ke bi ta rariya, wannan turjiya ce ke kashe lilon. Ƙarfin tsallen ba ya ɓacewa, zafi yake komawa. Shi ya sa tsofaffin direbobi, bayan tafiya mai nisa, sukan sunkuya su ɗora hannu bisa kowane amortisar: mai ɗumi yana aiki, mai sanyi ya mutu. Taya kuwa in tana tsalle, rabin lokacinta a iska take, kuma tayar da ke iska ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

Gargada ita ce babbar abokiyar gabar wannan ƙarfe. Faransawa sun kwatanta ta da kwanon rufi saboda tudu da kwarinta a jere suke. Tayoyin motoci ne da kansu ke haifar da ita bisa burji, kuma kowace mota da ta wuce tana ƙara mata zurfi. Direba yana da zaɓi biyu: ya bi ta a hankali ƙwarai, ko ya sa gudu har tayoyi su riƙa taɓa kawunan tudun kaɗai. Yawanci gudun ake zaɓa. To, a yi lissafi. Idan tsakanin tudu da tudu mita ɗaya ne, motar da ke gudun kilomita 72 a awa tana shan bugu 20 cikin kowace daƙiƙa, bugu 72,000 a awa guda, bisa kowace taya. Man da ke ciki sai ya yi zafi, ya tsinke, ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta da turjiya. Domin maganin wannan ne wani injiniyan Faransa, Christian Bourcier de Carbon, ya ƙago a shekarun 1950 irin wanda ake ɗura wa iskar gas mai matsi, ta danne man ta hana shi kumfa. Masu ƙera amortisar sukan ba da shawarar a sauya shi bayan kilomita 80,000. Wannan lissafin hanyoyin Turai ne. Tsakanin Dakwaro da Tarka, da kaya ninki biyu, ba a jiran wannan adadi.

Sayen kayan ma tafiya ce mai zaman kanta. Maigidan ya je Maraɗi ranar Litinin, ranar kasuwa, ya yi yawo cikin shagunan kayan mota, waɗanda yawancin hajarsu daga Kano take fitowa, daga kasuwar Ƙofar Ruwa da makamantanta. Kaya iri uku ne. Akwai sabo na ainihi, mai tsada. Akwai okaziyo, wanda aka cire daga motocin da suka mutu a Turai, sa'a ce ke raba mai saye da shi. Akwai kuma na uku, wanda ya fi kowanne haɗari: sabon kwali mai ɗauke da sanannen suna, a ciki kuwa jabu ne, ko tsoho da aka wanke aka ɗura masa mai mai kauri aka fesa masa fenti. Maigidan ya taɓa faɗawa wannan rami shekarun baya, ya sayi biyu da araha a hannun wani mai shago, ba su kai wata guda ba suka zubar da mansu. Araha ba ta ado. Tun daga ranar ba ya sayen amortisar sai ya fidda shi daga kwali, ya auna nauyinsa a hannu, ya dubi walda, ya shinshina ko akwai warin sabon fenti, ya kafa shi a ƙasa ya ja ya danna ya ji ko turjiyar ɗaya ce daga farko har ƙarshe.

Mutanen da suka kai shekarunsa suna auna tsadar kayan mota da wasu ranaku da ba su mantawa. Ta farko ita ce 12 ga Janairun 1994, ranar da aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100, duk abin da ke zuwa daga Turai ya ninka kuɗi cikin dare ɗaya. Yana karen mota a lokacin, kuma a wannan zamani ne ya koyi yanka robar amortisar daga tsohuwar taya. Sannan Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Sannan takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya rufe hanyar Jibiya har Maris na 2024, ya kuma sa kayan da suka saba sauka Kwatano suka koma bin Lome da Burkina Faso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa har ƙarƙashin motar da ke tsakar gidan nan, ya sa an ƙara wa mataccen ƙarfe wata shida na aiki.

Akwai makanikai a Dakwaro, ƙwararru ma. Amma wanda ya girma ƙarƙashin mota yana ganin asara ce ya biya kuɗin aikin da hannunsa ya sani, ga shi kuma yana son babban ɗansa, saurayi ɗan shekara 17 wanda ya soma bin sa kasuwanni, ya gani da idonsa. Tun daren jiya ya sa yaron ya bi kowane bulon da noti ya ɗiga musu gazwal. A nan tsatsa ba ta cika damun ƙarfe ba, ƙasar busasshiya ce. Ƙura ce ke shiga cikin zaren bulon ta daskare kamar siminti.

Da aka idar da sallar asuba aka sha koko, aka fara da baya, domin shi ne mai sauƙi. An sa duwatsu gaba da bayan tayoyin gaba, an sassauta notocin taya tun motar na ƙasa. Tsakar gidan rairayi ne, kirik kuwa in an kafa shi bisa rairayi nutsewa yake yi ko ya zame, saboda haka aka shimfiɗa masa katako mai kauri. Da motar ta tashi, yaron ya sunkuya zai shiga.

"Kai, dakata!" in ji uban. "Wa ya ce maka ana shiga ƙarƙashin mota bisa amanar kirik?"

"Baba, ai ya riƙe."

"Ya riƙe yanzu. Je ka ce wa innarka ta ba mu tsohon turmin nan."

Turmin kirya ne, bakinsa ya tsage, an daina daka a ciki. Uwargida ta miƙo shi tana cewa, "Malam, wancan karon da baƙin mai ya dawo mini." Aka kife shi ƙarƙashin shasi a gefe ɗaya, aka sa guntun gungumen itace a ɗaya gefen, aka sauke nauyin motar bisa su, aka girgiza ta da ƙarfi a ga ko za ta motsa. A wannan wuri maigidan ya fi makanikai da yawa hankali. Sau da yawa akan ga mota a bakin hanya an tokare ta da bulo na siminti, mutum kwance ƙarƙashi. Bulo ba ya gargaɗi, farat ɗaya yake rugujewa. Itace kuwa yakan yi ƙara kafin ya ba da kai.

Amortisar na baya bulon biyu ke riƙe da shi, ɗaya sama a jikin shasi, ɗaya ƙasa kusa da pon, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Na ƙasa ya kwance ba gardama. Na sama sai da aka zura wa kile guntun bututu domin ƙara masa tsawo. Da tsohon ya fito, uban ya miƙa wa ƙaramin ɗansa, ɗan shekara 6 da ke tsugune yana kallo, ya ce ya danna. Yaron ya danna da hannu ɗaya, sandar ta shige ba wata turjiya, ya ja ta fito, gida ya ɗauki dariya. Uban bai yi dariya ba. Wannan ne ke ƙarƙashin mutane 15 a gangaren tudu.

Sabon kuwa, kafin a ɗaura shi, an tsayar da shi kai sama an ja an danna sau huɗu ko biyar, domin iskar da ta shiga inda bai kamata ba lokacin da yake kwance a shago ta koma wurinta. An sa sababbin robobi, an zura bulon, amma ba a ɗaure tamau ba. Yaron ya tambayi dalili. Aka ce masa roba in an matse ta motar na rataye, sa'ad da aka sauke motar sai ta murɗe, ta zauna a murɗe, ta tsage cikin ƴan makonni. Ɗaurin ƙarshe sai tayoyi sun taka ƙasa. Aka yi ɗaya gefen haka nan, domin ba a sauya ɗaya a bar ɗaya. Sabo a hagu da matacce a dama ya fi matattu biyu sa mota karkata. Tun da an riga an shiga ƙarƙashi, aka bi lam ɗai-ɗai da ido da ɗan bugun guduma, har da guda biyun da wani maƙeri ya ƙara domin motar ta jure lodi. Ba wanda ya tsage. Kafin hantsi ya yi zafi an gama da baya.

Gaba shi ne aikin. A 404 da 504 amortisar na gaba ba a gefe yake shi kaɗai ba: yana cikin wata dirka ta ƙarfe wadda resor ya naɗe, tayar na maƙale a gindinta, kanta kuma na ɗaure a jikin mota ƙarƙashin murfin inji. Ita ke ɗaukar nauyi, ita ke kashe lilo, ita ke juyawa in an murɗa sitiyari. Wani injiniyan Amurka mai suna Earle MacPherson ne ya tsara ta, aka soma ganinta a motocin Ford na Ingila a farkon shekarun 1950. Hilux na zamanin da, mai jan ƙafa huɗu, lam gare shi gaba da baya, aikinsa bai wuce irin wanda aka yi da safe ba. Amma wanda ya fito daga 2005 shi ma resor ɗinsa na gaba naɗe yake da amortisar, don haka abin da za a faɗa ya shafi masu sababbin motoci.

An cire taya. An kwance kayan birki an rataye su da waya, domin kada nauyinsu ya ja tiyon mai ya tsinke shi. An saki rotil na sitiyari da na ƙasa, da bugun guduma a gefen mazauninsu, ba bisa zaren ba. Sannan yaron ya rungumi dirkar daga ƙasa, uban ya kwance notocin sama, ta sauko da nauyinta duka. Suka kwantar da ita bisa tabarma.

A nan ne aka kori yara zuwa zaure, aka ce wa mata su janye daga wannan gefe. Resor ɗin da ke jikin dirka a matse yake, noti ɗaya tak da ke kan sanda ne ke tsare da shi, kuma ƙarfin da ke ƙunshe cikinsa ya kai nauyin buhunan hatsi da yawa. Wanda ya kwance wannan noti ba tare da ya kama resor ba, farantin sama zai tashi kamar harsashi. Akwai ƙarfe na musamman domin wannan aiki, dogayen bulon biyu masu ƙugiya a kowane kai. Maigidan ba shi da su, aro ya yi wurin wani tsohon bakanike na bakin tasha, wanda ba ya hana kowa aronsu, kuma ba ya bayarwa sai ya buɗe baki ya nuna giɓin haƙoransa biyu na gaba, waɗanda wani resor ya tafi da su tun yana yaron gareji. A ƙauyuka akan ga masu ɗaure resor da igiya ko da wayar ƙarfe, su ce sun saba. Ganganci ne, ko da an yi sau ɗari an tsira.

Aka maƙala ƙugiyoyin, ɗaya a wannan gefe, ɗaya daura da shi. Uban ya sa yaron ya riƙa ɗaurewa, juyi biyar nan, juyi biyar can, domin kada resor ya lanƙwashe ya kufce. Kan dirkar na fuskantar katanga, ba wanda ya tsaya gabansa. Ba a jin komai sai ƙarar kile da kukan kurciya. Sa'ad da resor ya saki farantinsa har ana iya juya shi da hannu, sannan aka taɓa notin tsakiya. Aka zare resor a matse, uban ya ɗauke shi da kansa kamar mai ɗauke da kwandon ƙwai, ya ajiye can gindin katanga.

Peugeot na cikin kamfanonin da suka daɗe suna ƙera amortisar nasu da kansu, kuma dirkar waɗannan motoci an yi ta ne domin a buɗe. Tsofaffin makanikai sukan kwance babban notin bakin bututu, su zubar da tsohon mai, su sauya robobin ciki, su ɗura sabo. Yanzu yawanci kartush ake saye, wato amortisar cikakke a rufe, a zura shi cikin tsohon bututun. Haka aka yi a nan. An wanke bututun da gazwal, an zuba ɗan mai kaɗan a ciki domin zafin kartush ya riƙa ratsawa zuwa waje, an zura, an ɗaure. Da yaron ya ga sandar na juyawa tare da noti, sai ya ɗauko filaya zai kama ta. Uban ya riƙe masa hannu. Sandar nan mai sheƙi ita ke shiga da fita ta cikin robar da ke tsare mai. Ƙarzuwa ɗaya ta haƙorin filaya ta isa ta yanka robar, sabon kartush ya zama tsoho cikin mako guda. Akwai wurin kamawa a can ƙarshenta. Saboda wannan dalili ne kuma aka sa sabuwar rigar roba mai lanƙwasa da ke rufe sandar. Direbobi da yawa suna raina ta, in ta yage su yar. A ƙasar da hunturu ke busa wata uku yana ɗauke da ƙura mai laushi kamar gari, wannan ƴar riga ita ce rabin ran amortisar.

Aka mayar da resor, aka daidaita ƙarshensa da gurbin da aka yi masa a faranti, aka duba abin da ke sa kan dirka juyawa aka shafa masa giris, aka ɗaure notin tsakiya, sannan aka saki ƙugiyoyi, nan ma bi da bi. Ladan ya kira azahar dirka ɗaya ce ta koma wurinta. Aka wanke hannu da toka da sabulu, aka yi salla, aka dama fura. Wani maƙwabci, dillalin awaki, ya leƙo ya yi sannu da aiki, ya tambaya ko gobe akwai fita, domin yana da bisashe 8 da yake son kaiwa. Aka ce masa in Allah ya yarda.

Ta biyu ba ta ci rabin lokacin ta farko ba, kuma yawancinta yaron ne ya yi, uban na zaune bisa taya yana kallo, ba ya magana sai in hannu ya nufi inda bai dace ba. Bayan la'asar aka sauke motar, aka mayar wa uwargida turminta da sabon tabo na mai, aka bi duk bulon da aka bari a sassauce aka ɗaure su. Saura daidaita tayoyin gaba, domin duk wanda ya taɓa dirka ya taɓa saitinsu. Na'urar wannan aiki sai babban gareji. A gida da zare ake yi: a ja shi daga tayar baya zuwa ta gaba a kowane gefe, a auna tazarar bakin tayoyin biyu ta gaba da ta baya, a gyara sandar sitiyari har su kusan zama daidai. Yana isa a yi tafiya da shi zuwa ranar da hanya za ta bi da motar Maraɗi.

Tsofaffin ƙarafan ba a zubar ba. Yaron ya tara su domin maƙera, waɗanda ke son sandar ciki saboda ƙarfinta, kamar yadda suke son karyayyen lam su ƙera gatari da wuƙa da hauya. Uban ya ja masa kunne ya faɗa musu su huda bututun su zubar da mai kafin su kai shi wuta, domin rufaffen bututu in ya yi zafi fashewa yake yi.

Rana ta yi ja sa'ad da suka fita gwaji, ba kaya, su biyu. Suka bar gari ta arewa, suka hau burji, uban ya nemi wurin da gargada ta fi muni ya sa mata gudu. Motar ta yi rawar jiki, amma ta riƙe hanya. Ya taka birki da ƙarfi, gabanta ya ɗan sunkuya ya dawo ya tsaya. Bayan kilomita 10 ya tsaya gefen wata gona da aka riga aka girbe, shanun Fulani na cin kara a ciki. Ya ce wa yaron ya sauka ya taɓa. Yaron ya zagaya, ya zura hannu bayan kowace taya.

"Baba, duk huɗun da ɗumi."

"To. Gobe in mun dawo ka sake bin notocin da kile. Hau wannan gefen, kai za ka mayar da mu gida."

Washegari, tun kafin a kira assalatu, motar na tasha. An jera buhuna 16, an ɗaure awakin dillali a bayansu, fasinja sun hau sun rufe fuska da rawani saboda sanyi. A gaba, kusa da direba, an zaunar da wata mata da aka sallamo daga asibiti da jaririnta na kwana 4, mijinta na bisa kaya. Kamasho ya karɓi nasa, yaron ya cire dutsen da ke gaban taya ya ɗare baya, motar ta fita ta nufi Tarka.